Wanda ya sayar da gonar gado ya sayar da bakinsa

Samari, ku ba ni aron kunnuwanku. Ranar Asabar na je wani ƙaramin gari mai suna Saint-Émilion, kusa da birnin Bordo a Faransa. Ina tsaye a bakin tsohuwar ganuwarsa aka kira ni daga gida cewa ɗan baffana ya sayar da gonar kakanmu, ya sayi mota. Wallahi har yanzu raina bai huce ba.

Garin nan na manoman inabi ne. Giyar da suke yi haramun ce gare mu, ba ita na je kallo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka riƙe ƙasa. A 1199 Sarki John na Ingila, wanda yankin ke hannunsa a lokacin, ya ba mutanen garin takardar 'yancin gudanar da al'amuransu. Daga nan majalisar da ake kira Jurad ta samo asali. A wancan zamani ita ke yanke hukunci, ita ke sa ranar fara girbi, ba mai tsinkar inabi sai an yi shela. Kowace gangar giya sai an duba ta, an buga mata tambarin gari da ƙarfe mai zafi kafin ta fita kasuwa. A 1289 aka shata iyakar ikonta a kan ƙauyukan da ke kewaye, ta kuma ci gaba da aiki har juyin juya halin Faransa na 1789.

To, su wa ke zama a majalisar? Masu gida da gona. Ɗan ƙodago yana tsinka, ana biyansa, amma ba a tambayarsa ra'ayi. Shi ya sa nake cewa, kai da ka sayar da gonar ubanka, kujerarka ta ƙofar dagaci ka sayar. Gobe a zo rabon burtali ko yanka filaye, da wane baki za ka yi magana? Kallon kitse ka yi wa rogo, ɗan'uwana. Mota shekara nawa za ta yi?

Abin da ya fi ƙona mini rai, a ɓoye ake cinikin. Ba mai unguwa, ba shaidu, 'yan'uwa mata ba su ma sani ba, alhali Allah ya yanka musu kasonsu. Dillali ya zo da dare, a sa hannu, kuɗin kuma su ƙare a caca ta waya da bukukuwan nuna isa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga shi.

Ku riƙa shawara da manya, ku ji tsoron Allah. Da can ko jingina mutum zai bayar sai dangi sun zauna, dattijo ya zagaya iyaka da ƙafarsa yana nuna wa yara tsamiya da gamba. Kakanmu ya nuna mini tamu ina ɗan shekara 9. An ce mai sayen har ya sare tsamiyar.