Wankin mota ba ɗauraya: tawul ya fi sinadari muhimmanci

Wanda zai wanke mota da ruwan da bai cika bokiti ba, ya kamata ya fi damuwa da tawul ɗin da zai riƙe fiye da sinadarin da zai zuba a ruwan. Mutane da yawa akasin haka suke yi. Za su nemo kwalba mai suna, su karanta yadda ake haɗa ta tsaf, sannan su ɗauko duk ƙyallen da hannu ya kai gare shi. Bayan 'yan watanni idan rana ta bugi motar sai a ga ƙananan zane sun zagaye fentin kamar saƙar gizo-gizo, daga nan a ce ai wannan wanki yaudara ne. Ni kuwa a ganina ƙyallen ne ya yi ɓarnar, da kuma yadda aka riƙe shi.

Ƙasar da nake zaune yanzu ƙasar sanyi ce. Mai zama a gidan bene ba shi da famfo a wurin ajiye mota, lokacin sanyi kuma ruwa daskarewa yake yi a cikin tiyo. Ga shi a garuruwa da dama an hana sakin ruwan sabulu a kwatar titi, saboda yana gangarawa rafi ba tare da an tace shi ba. Sannan ana watsa gishiri a kan hanya don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa ya manne a jikin mota, yana jawo tsatsa. Wannan ne ya kai ni ga wankin da ba a ɗaurayewa. Wankin da na tashi na sani shi ne wanda kowa ya sani: a watsa ruwa, a sa kumfa da soso, a sake watsa ruwa, a goge. Ban raina shi ba, yana da hikimarsa. Tiyo da aka bar shi a buɗe yana zubar da fiye da lita 10 a minti ɗaya, kuma wannan ruwan ne ke kwashe yawancin yashi tun kafin hannu ya taɓa fenti. Idan aka cire ruwan daga lissafi, dole a samu abin da zai yi aikinsa.

Ga abin da ake karewa. Fentin mota hawa-hawa ne, kaurinsa gaba ɗaya yakan kai maikiron 100 zuwa 150, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Hawa na ƙarshe, wanda ba shi da launi kuma shi ke ba mota sheƙi, bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin takardar rubutu ba. Ƙurar hanya kuma tana ɗauke da ɓurɓushin yashi, yashi kuwa ya fi gilashi tauri, balle fenti. Duk ƙwayar yashin da aka danne ta aka ja ta a kan wannan siririn hawa sai ta bar alama.

Sinadarin wankin ba ɗauraya kaɗan ake zubawa. Wanda aka fi sani, Optimum No Rinse, ana haɗa kashi ɗaya da kashi 256 na ruwa, kimanin mililita 30 ke nan a cikin lita bakwai da rabi. Aikinsa shi ne ya lulluɓe ƙwayoyin datti, ya raba su da fenti, ya sa wurin santsi. Amma ba ya ɓatar da yashin. Yashin yana nan a jikin mota cikin laima, kuma wuri ɗaya ya rage masa ya tafi, shi ne cikin tawul. Idan tawul ya haɗiye shi ya ɓoye shi can ciki, fenti ya tsira. Idan ya tsaya a fuskar tawul, to kana goga yashi ne da hannunka.

A nan ne tsohuwar riga ko tawul ɗin wanka na auduga ke gazawa. Zaren auduga mai kauri ne, saƙar riga kuma a shafe take, ba ta da lungun da datti zai shige, sai dai ta tura shi gaba. Tawul ɗin da ya dace shi ne na maikirofaiba, wato siririn zaren roba da kaurinsa bai kai maikiron 10 ba, ya fi gashin kan mutum siranta nesa ba kusa ba. A Japan aka fara cin nasarar sarrafa irin wannan zare, inda Miyoshi Okamoto na kamfanin Toray ya fito da yadin Ultrasuede a 1970. Na goge mota ana haɗa shi ne da abu biyu, foliyesta da nailan, sannan a tsattsaga kowane zare gida-gida a masana'anta. Waɗannan tsagogin ne ke kama ƙura su kuma sha ruwa. Foliyesta ya fi kama maiƙo, nailan ya fi shan ruwa da taushi. Shi ya sa za ka ga an rubuta 80/20 ko 70/30 a jikin leda. Ni 70/30 nake zaɓa wa fenti. Wanda ba a rubuta haɗinsa ba ko kaɗan, ko aka ce foliyesta ne zalla, ba na kai shi kusa da jikin mota. Akwai gwaji mai sauƙi: ka shafa shi a busasshen tafin hannu, zaren da aka tsaga zai ɗan riƙa kama fata. Ka kuma zuba ruwa kaɗan a tebur ka ɗora shi, na kirki zai tsotse ruwan nan take, na banza zai riƙa tura shi gefe.

Sai lambar da ta fi ruɗa masu saye, GSM, wato nauyin yadin a giram a kowace murabba'in mita. Masu talla sun sa mutane sun ɗauka yawan lamba shi ne inganci, kuma a nan nake saɓa wa mutane da yawa. Tawul mai 200 zuwa 250, irin wanda ake sayarwa jibgi guda, gashinsa gajere ne ƙwarai, ba shi da zurfin ɓoye yashi. Ya yi daidai da goge cikin mota da bakin ƙofa da taya. Mai 600 zuwa sama kuwa, wanda ke da laushi har ka ji ba ka son ajiye shi, a wannan wankin yana da matsaloli uku da ba a faɗa. Yana shanye ruwan bokiti, kaɗan daga cikinsu sun isa su bar ka ba ruwa. Idan ya jiƙe yana yin nauyi, yana naɗewa a hannu, kuma kaurinsa na hana ka jin abin da ke ƙarƙashin tafinka, alhali jin nan shi ke gaya maka ka ci karo da tsakuwa ko busasshen kashin tsuntsu. Na uku shi ne ya fi damuna: abin da ya shige can cikin dogon gashi ba ya fita da sauƙi a wanki, ɓurɓushin ganye ko ƙwayar yashi za ta iya laɓewa a ciki har wanki na gaba, ta fito maka a kan bonet.

Tsaka-tsaki, tsakanin 350 da 450, shi ne na ga ya dace. Gashinsa ya isa ya ɓoye datti, yana riƙe ruwa daidai, yana ninkuwa ya zauna a hannu, kuma yana fita tas a wanki. Akwai mai fuska biyu, ɗaya doguwar gashi ɗaya gajera. Da doguwar ake wankin, gajerar ta fi kyau ga gilashi.

Wani dalili da ya sa nake gudun masu kaurin nan shi ne, tsadarsu na sa mutum ya sayi biyu ko uku ya tsaya, alhali wannan wanki yawan tawul yake so. Girman da aka saba shi ne santimita 40 a kan 40. Idan ka ninka shi biyu ka sake ninkawa, za ka samu fuska takwas masu tsabta, huɗu a gaban tawul huɗu a bayansa. Wani ƙwararren mai gyaran fentin mota a Amurka, Garry Dean, shi ya yaɗa hanyar da ake kira da sunansa: a jiƙa tawul da yawa a cikin bokiti tun farko, a ɗauko ɗaya, a yi aiki da fuskokinsa ɗaya bayan ɗaya, idan sun ƙare a jefa shi a wani mazubi dabam. Tawul ɗin da ya taɓa mota ba ya komawa bokiti, don haka ruwan yana nan da tsabtarsa har ƙarshe. Ƙaramar mota da ba ta yi datti sosai ba, tawul shida zuwa takwas za su ishe ta, babba ko wadda ta sha gishiri za ta iya cin goma sha biyu. Tawul goma masu matsakaicin kauri sun fi biyu masu tsada amfani, ba ko tantama.

Riƙon ma yana da ƙa'ida. Daga rufi ake farawa a sauko, domin ƙasan ƙofofi da bamba sun fi ko'ina yashi, su ne na ƙarshe. A miƙe ake ja, ba a kewaya hannu, kuma ba a dannawa, nauyin jiƙaƙƙen tawul ɗin ya isa. Ja ɗaya ko biyu, ka duba fuskar, idan ta yi duhu ka juya. Wannan dubawar ce ta sa nake son tawul mai haske, fari ko rawaya ko toka-toka mai haske. Baƙin tawul yana da kyau a ido amma yana ɓoye maka abin da ya kamata ka gani.

Akwai masu cewa soso ya fi tawul a wannan wanki, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ana yin soso na musamman mai tsage-tsage a fuska, kuma idan aka matse shi a bokiti yana sakin datti, sinadarin ya ja dattin ya kwanta a ƙasa, saɓanin maikirofaiba da ke riƙe abin da ya kama. Ga motar da ake wankewa duk mako, wadda ƙura kawai ta hau, soson ya fi sauri kuma ba ya tara maka wanki. Amma soso ɗaya ne ke zagaye motar duka, yana komawa ruwan da ke ƙara datti. A lokacin gishiri da jiƙaƙƙen yashi ban yarda da wannan ba, gara fuska sabuwa a kowane ja.

Bakin tawul ƙaramin abu ne mai yawan ɓarna. Wanda aka daje bakinsa da zare mai tauri, zaren ne ke karce fenti ko da yadin na da kyau. A nemi wanda ba shi da baki, wanda aka yanke shi da na'ura ba ɗinki, ko wanda aka naɗe bakinsa da yadi mai laushi. Tambarin da ke liƙe a gefe kuma a cire shi tun ranar farko. Wanda yake da tsohon faifan CD zai iya goga sabon tawul a bayansa da ɗan ƙarfi, har da bakin. Idan ya bar zane a faifan, kada ya hau fenti.

Na busarwa dabam ne, kuma a nan ne kauri ke da amfani, tunda dattin ya riga ya tafi, ruwa kawai ya rage. Mai murɗaɗɗen zare ya fi shan ruwa, ɗaya babba zai busar da mota guda. Mai saƙar gida-gida ba ya kai shi sha, amma ba ya barin gashi a gilashi. Tsohuwar fatar goge mota da direbobi suka saba da ita ba ta dace da nan ba, domin a shafe take, duk abin da ya saura a fenti za ta ja shi. Kowane sashe da aka wanke a busar da shi nan take kafin a wuce na gaba, kuma a inuwa, jikin mota da sanyi.

Dole in faɗi iyakar wannan hanya, don ba na so wani ya lalata motarsa saboda maganata. Motar da ta shiga taɓo har ya bushe a jikinta, ko wadda ƙura ta yi mata kauri har ana iya rubutu da yatsa, babu tawul ɗin da zai cece ta. A fara kai ta inda ake feshin ruwa mai ƙarfi a kakkaɓe mata nauyin, sannan a zo ga tawul. Mai matsakaicin datti kuma a zuba ruwan haɗin a kwalbar feshi, a jiƙa sashen sosai, a ba shi minti ɗaya ko biyu ya jiƙa kafin a taɓa. A ƙasashen da ƙura ta fi gishiri yawa wannan feshin ya ma fi zama wajibi, domin busasshiyar ƙura cike take da yashi.

Saura kula da tawul ɗin kansu, wanda nan ne nauyin wannan wanki yake. Su kaɗai ake wanke su, ba tare da kayan auduga ba, don suna kwashe gashin auduga su riƙe. Sabulun ruwa ya fi na gari, saboda garin da bai narke ba yana maƙalewa a zare. Ba a sa bilic, ba a sa sinadarin tausasa tufafi, shi wannan yana toshe tsagogin zaren ne har tawul ya daina shan ruwa. Ruwa mai ɗumi ya isa, zafi mai yawa yana ƙanƙance zaren roba ya taurara shi, don haka dutsen guga bai halatta ba, injin busarwa ma sai a mafi ƙarancin zafi. Idan a igiya za a shanya, a nemi inda ƙura ba ta kai, in sun bushe a rufe su a mazubi mai murfi. Ɗan ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe yana cire ragowar sabulu. Kuma tunda zaren roba ne, kowane wanki yana sakin ƙananan ɓurɓushi a ruwa, wannan na cikin dalilan da suka sa nake tara su in wanke gaba ɗaya, nake kuma sayen masu ƙarko maimakon masu araha da ke zubar da gashi.

Na fenti da na taya ba sa haɗuwa ko a wanki, domin ƙurar birki ɓurɓushin ƙarfe ce. Launi dabam ga kowane aiki yana hana kuskure. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aikinsa na ranar, kakkaɓewa ba ta isa ba. Wanda kuma gashinsa ya kwanta, ko ya fara kaushi a hannu, ko ka ga abu maƙale a ciki ya ƙi fita, a mayar da shi wajen taya da bakin ƙofa, a sa sabo a madadinsa.