Likita na cikin waya, to wa zai yi allurar?

Ɗan ƙanwar mahaifiyata yana da shekara 22 lokacin da ya fara naɗe wayarsa cikin tsumma yana cusa ta ƙarƙashin buhun masara. Cewa yake ana sauraronsa ta ciki. Da dare sai a ji shi yana amsa wa mutanen da ba wanda ke gani, yau da faɗa, gobe da magiya. Gida ya rabu biyu, wasu na cewa sammu, wasu na cewa gamo ya yi a bakin rafi. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an yanka abin da aka ce a yanka. Sai bayan wata bakwai aka kai shi asibiti, likita ya kira sunan ciwon: sikizofireniya. Mako shida da fara magani ya dawo cin tuwo da mu a kwano ɗaya, ya je da kansa ya ciro wayarsa.

Shi nake tunawa duk lokacin da na ji ana cewa ganin likita ta waya zai cike giɓin ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa. Ina goyon bayan tsarin, amma wanda nake ganin zai yi aiki a ƙauyukanmu ba shi ne ake tallatawa ba.

Giɓin dai babba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 300 na fama da wannan ciwo, kuma fiye da biyu cikin uku na masu gushewar hankali irin wannan ba sa samun kulawar ƙwararru. Yakan bayyana ne a ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, daidai lokacin da ake sa ran yaro zai fara ɗaukar nauyin gida. A Najeriya, mai mutane sama da miliyan 200, likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba, yawancinsu kuma suna manyan birane. Mutumin Arewa ya san inda ake nufa: asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, Barnawa a Kaduna, Maiduguri, ko Dawanau a Kano. Wanda bai iya kaiwa can ba, sau da yawa turu ne makomarsa. Ba a manta gidan marin da 'yan sanda suka fasa a Rigasa, Kaduna, a watan Satumbar 2019 ba, inda aka fito da mutane sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, zuwan farko asibiti ba shi ne mai wuya ba. Idan ciwo ya tashi, dangi kan yi karo-karo a ɗauki shatar mota. Zuwa na huɗu da na biyar ne ke gagara, lokacin da majinyaci ya natsu, kowa ya ce ai ya warke. Ciwon kuwa irin na hawan jini ne, lallaɓa shi ake yi shekara da shekaru. Namu ya katse ne bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa ya fi kuɗin maganin kansa. Wata uku ba magani, waya ta koma ƙarƙashin buhu.

A nan ne waya ta yi mana rana. Bayan ya koma kan magani, wani likita ya yarda a riƙa kiransa sau ɗaya a wata. Ina zaune aka yi kiran farko. Inna, mahaifiyarsa, ta riƙe wayar da hannu biyu kamar ƙwarya, ta ce, "Likita, barci dai yana yi, amma wuyansa ya sanƙare, ga miyau na zuba." Likita ya ce, "Mama, ki ce ya miƙe hannuwansa, ki gaya mini ko suna rawa." Suna rawa. Nan take ya gane illar magani ce, ya faɗi yadda za a gyara. Da ba don wannan kira na minti goma ba, da Inna ta zubar da ƙwayoyin, ta ce su ne suka ƙara masa ciwo. Haka ake rasa majinyata da dama.

Sai dai a lura da wanda ya riƙe wayar. Inna ce. Tsarin da ake kwaikwayo daga Amurka da Ingila, wanda ya bunƙasa lokacin korona a 2020, ya ɗauka majinyaci na da ɗakinsa, da wayarsa, da intanet mai ƙarfi, kuma shi zai nemi likita da kansa. Amma cikin alamomin wannan ciwo akwai rashin yarda cewa ba ka da lafiya. Mutumin da ke zargin ana bibiyarsa ta waya, ta yaya za ka ce ya buɗe cikinsa ga wata murya a cikinta? Ga kuma sirri. Waya ɗaya ce a gida, a tsakar gida ake amsa ta, kishiya na ji, maƙwabta na ji, gobe maganar ta ɓata auren ƙanwarsa.

Kuma waya ba ta allura. Da yawa daga cikin masu wannan ciwo sun fi samun sauƙi da allurar wata-wata, irin su fluphenazine, domin ta raba su da mantuwa da gardamar shan ƙwaya kullum. Masu shan olanzapine na bukatar a riƙa auna nauyinsu da sukarinsu. Masu shan clozapine dole a riƙa gwada jininsu. Duk wannan aikin hannu ne. Balle ranar da sabis ya ɗauke, kamar yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro.

Don haka ni a ganina, kiran ya kamata ya sauka ne a ɗakin shan magani na gari, inda ma'aikacin lafiya ke zaune da majinyaci da ɗan'uwansa, likita kuma na can Kware ko Barnawa yana kallo yana ba da umarni. Ma'aikacin ya auna, ya yi allura, ya rubuta, ya bi wanda bai zo ba har gida. Wannan ba baƙon tunani ba ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, maimakon kulle su. Abin da waya ta ƙara shi ne, yanzu ƙauyen ba sai ya kasance a gindin asibiti ba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi asusu na musamman. Idan da mai tambayata inda za a fara kashe kuɗinsa, zan ce a horar da ma'aikatan karkara, a ajiye musu allura da magani, a biya likita ladan lokacin da yake bayarwa a waya. Namu likitan kyauta yake yi, kuma ranar da ya gaji ko ya bar ƙasar, shi ke nan.

Ɗan'uwan nawa yanzu yana ɗinki a bakin kasuwa. Shi ke riƙe wayar idan an kira. Allurarsa kuwa har yau sai an hau mota an je birni, domin a ɗakin shan maganin garinmu babu ita.