Farashin Jibiya ya koma bin sefa

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya a kasuwar Jibiya shi ne yadda wasu 'yan kasuwa suka mayar da sefa ma'aunin farashi, alhali kuwa mu da naira ake biyanmu. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, mutumin Maraɗi yana tsallako Ɗan Isa da 'yan jikkunansa, ya tsaya wurin 'yan canji, ya cika aljihu, sannan ya sayi taliya da sabulu katan-katan ba tare da ya taya ba. Ban ga laifinsa ba, domin sefa a ɗaure take da yuro, ba ta tangal-tangal kamar kuɗinmu.

Takaicina yana kan mai shagon da na nemi ragi a wurinsa makon jiya, ya ɗaga katan ɗin sabulun da aka yi a Kano daga gabana, ya ce idan ban saya ba, baƙi za su saya kafin la'asar. Idan sefa ta hau, nan take yake ƙara kuɗi, amma ranar da ta sauko sai ya ce tsohon kaya ne, da tsada ya saro shi.