Son ƙungiya ba shi ke haifar da daba a filin ƙwallo ba

Akwai maganar da na gaji da ji, wai duk wanda ya sa ƙungiyar ƙwallo a ransa, har yake kasa cin abinci in an doke ta, ɗan daba ne mai jiran rana. Masu faɗin haka suna da abin dogaro. Sun ga ana jifa da kujeru a talabijin, sun kuma ji labarin filin Heysel da ke Brussels a Belgium a 1985, inda mutum 39 suka mutu sakamakon rikicin 'yan kallo.

Sai dai masu tayar da fitinar 'yan tsiraru ne. Galibi gungu ne mai jagorori, suna shirya faɗa tun kafin ranar wasa, sau da yawa ma nesa da fili. Faɗan suke nema, ƙwallon fakewa ce. Shi kuwa masoyin ƙungiya, sau da yawa gadon uba ko na unguwa yake riƙe da shi, kuma in an ci su, baƙin cikinsa yake kwasa ya tafi gida.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan zato ke cutar da marasa laifi. A ranar 15 ga Afrilun 1989, turereniya a filin Hillsborough da ke Sheffield a Ingila ta yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Nan take aka ɗora laifin a kansu, aka ce maye da rashin ɗa'a ne. Iyalansu suka shekara 27 suna neman gaskiya. A 2016 binciken kotu ya wanke magoya bayan, ya tabbatar da kuskuren 'yan sandan da suka buɗe ƙofa ba tare da sun karkatar da jama'a daga wurin da ya riga ya cika ba.