Ina Zane da 'Ya'yana a Kan Allon Waya, Ga Dalilina

Wannan rubutun na iyayen yara masu lalurar otizim ne, wadda kafafen labarai suke kira galahanga, musamman waɗanda aka cika musu kunne da cewa waya ce ta lalata musu 'ya'ya. Ina da biyu a gida, namiji da ƙanwarsa, kuma abin da ya fi haɗa kanmu mu uku shi ne zane a babbar waya mai faɗin allo. Ba ni da niyyar dainawa, kuma ina ganin iyaye da yawa za su amfana idan suka gwada.

Bari in fara kawar da zargin. Tun a 1943 wani likita a Baltimore ta Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan lalura: ba sa son haɗa ido, suna maimaita abu guda, sauyi kaɗan yana tayar musu da hankali. A lokacin babu wayar hannu, ko talabijin ma bai shiga yawancin gidajen mutane ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye kuma ya nuna gado yana da babban kaso a ciki. Don haka duk wanda ya ce wa uwa ita ta jawo wa ɗanta saboda ta ba shi waya, ya ɗora mata nauyin da ba nata ba. Na yarda yawan kallon allo ba alheri ba ne ga ƙananan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da su gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Sai dai akwai bambanci tsakanin yaron da aka miƙa wa waya aka tafi aka bar shi yana ta kallon bidiyo, da yaron da mahaifiyarsa take zaune gefensa suna ƙera abu tare.

Mutane suna tambayata me ya hana mu amfani da takarda da fenti kamar kowa. Babban nawa ba ya jure danshin fenti a yatsunsa. Ɗigo ɗaya ya taɓa shi, zai yi ta goge hannu a riga har ya manta da zanen. Ƙarar fensir a kan takarda ma tana damunsa, abin da ni ko ji ba na yi. Wanda bai zauna da irin waɗannan yara ba zai ɗauka shagwaɓa ce, alhali jikinsu ne yake jin taɓawa da sauti da wari fiye da yadda namu yake ji. Gilashin waya kuwa sumul yake, ba wari, ba danshi, kuma launin da ya zaɓa jiya shi zai tarar yau ba tare da ya canza ba.

Amma abin da ya fi komai muhimmanci a wurina shi ne maɓallin komawa baya. A takarda, idan layi ya karkace wa ƙaramar tawa, shi ke nan aiki ya ɓaci, sai kuka, sai yaga takarda, wani lokaci yinin gaba ɗaya ya tafi a haka. A allo tana danna wuri guda layin ya ɓace, ta sake ja. Ta sake, ta sake, har sai ya yi mata. Na ga yadda wannan ɗan maɓalli ya cire mata tsoron farawa, don ta san kuskure ba ya zama daram. Yanzu har takan bar layin da ya karkace ta ci gaba, abin da a da ba ta taɓa yarda da shi ba.

Sai kuma tsarin falle-falle da manhajojin zane suke da shi, kamar takardu shara-shara da aka ɗora kan juna. Ni ina da fallena, ɗana yana da nasa, a cikin hoto guda. Idan abin da na ƙara bai yi masa ba, sai ya kashe fallena, nasa na nan yadda ya bar shi. Wannan ne ya sa ya yarda in sa hannu a aikinsa tun farko. Kuma a nan muka koyi karɓa-karɓa: ya ja nasa, ya turo min allon, in ja nawa, in mayar masa. Yaron da magana take yi masa nauyi, ranar da ya turo min allon ya ce "Umma, ke," wallahi sai da na tashi na shiga ɗaki don kada ya ga hawayena. Kuma ku lura, a gefe nake zama, ba a gabansa ba. Idonmu duka yana kan abu ɗaya, babu mai tilasta masa ya kalli fuskata.

Kayan aikin ba sai masu tsada ba. Procreate tana da kyau amma ta iPad ce kuma saye ake yi. A wayoyin Android da muka fi riƙewa akwai ibisPaint kyauta, a kwamfuta akwai Krita, ga Tux Paint da aka yi ta don ƙananan yara. Yatsa ma ya isa.

Akwai masu tambayar hukuncin zana abu mai rai. Wannan kowa ya tuntuɓi malaminsa. Abin da zan ce kawai, mu Hausawa ba mu rasa abin zanawa ba. Ga dagi, ga zayyanar da magina suke yi a fuskar gidaje a Zariya da Kano, ga aikin hula, ga zanen lalle. Duk maimaici ne da daidaito, kuma su ne abin da ɗana yake so. Manhajojin nan suna da wani tsari da idan ka ja layi a dama sai irinsa ya fito a hagu, da shi yake fitar da dagi iri-iri har in rasa wanda zan zaɓa. Ita kuwa ƙaramar, motoci da Keke Napep ne nata, a jere, kullum launi ɗaya. Ba na ce mata ta canza.

Yanzu ga inda nake saɓawa da wasu masu fatan alheri. Da zarar sun ji yaran suna zane sai su ce ai irinsu baiwa gare su, su kawo misalin Stephen Wiltshire na Ingila, wanda yake zana birni guda daga ƙwaƙwalwa bayan an zagaya da shi a jirgi mai saukar ungulu. Ko Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ɗan Najeriyar da ya shiga kundin bajinta na Guinness yana da shekara 15, da zanen da ya haura murabba'in mita 12,000, wanda aka baje a dandalin Eagle Square na Abuja ranar 2 ga Afrilun 2025, ranar wayar da kai kan otizim ta duniya. Ina alfahari da yaron nan ƙwarai, Allah ya ƙara masa basira. Amma mafi yawan 'ya'yanmu ba za su kafa tarihi ba, kuma ba su da buƙatar yin haka kafin a zauna da su. Idan uba ya shiga zane yana farautar baiwa, zai fara gyara wa yaro hannu, ya fara gwada shi da wani, yaron kuma ya gane an mayar da wurin hutunsa aji, ya ture allon. Haka nan ba na kiran abin da muke yi magani. Ba ya maye gurbin likita, ko mai koyar da magana, ko makarantar da ta san aikinta.

Wahalar da ke ciki ita ce tashi. Raba yaro mai otizim da abin da ya nutsa a ciki ba tare da shiri ba fitina ce babba. Mu muna saita ƙararrawa, in sanar da su saura kaɗan, sannan su da kansu suke adana hoton su kashe allon. Ina rufe data kafin mu fara, saboda tallace-tallacen da ke faɗowa a manhajojin kyauta suna firgita ƙaramar. Ina kuma duba caji, don wayar da ta mutu ana tsakiyar zane ta fi komai tayar musu da hankali, ga shi wutar lantarki ba ta da tabbas. Hotunansu kuma ba na sawa a Facebook sai na nuna musu na tambaye su, idan ɗayansu ya girgiza kai, a wayar yake zama.