Takardar gwajin jininka ba ta wanke sigari ba

Tun jiya hoton nan yake yawo, kuma har yanzu raina bai huce ba. Babban mutum ya ɗaga takardar asibiti da yatsun da taba ta riga ta rine, ya rubuta wai shekara 22 yana busa sigari, ga shi an auna jininsa an ce fes yake. Yara a ƙasa sai jinjina suke masa, wani har da cewa daman tsoratarwar 'yan boko ce. Haba Alhaji! Tsakani da Allah, ka san abin da aka auna a takardar nan?

FBC ce fa, wato gwajin ƙirga ƙwayoyin jini. Ƙidaya ce kawai. Inji ya ƙirga jajayen ƙwayoyin jini nawa ne, farare nawa ne, ya buga lamba. Bai buɗe ko ƙwaya ɗaya ya leƙa cikinta ba. Kamar ka shiga sito ka ƙirga buhunan wake ka ce ɗari cif, alhali ba ka kwance bakin ko ɗaya ka ga abin da ƙwari suka yi ba.

Ɓarnar a ciki take. Jajayen ƙwayoyi ba su da cibiyar da DNA, wato kundin gadon da ke tafiyar da aikin ƙwaya, ke zama, shi ya sa idan masu bincike suna son ganin sawun hayaƙi a jiki ba tare da an taɓa huhun mutum ba, fararen suke warewa. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo kansa, wato ciwon daji. Akwai ɗaya, benzopayirin, da jiki ke ƙoƙarin sarrafawa ya fitar, sai garin haka ya rikiɗe ya maƙale wa DNA kamar kaska. Ana auna wannan maƙalewar a fararen ƙwayoyin jini. Takardarka ba ta auna ta ba.

Ni da idona na ga wani gwajin lokacin ina ɗalibi. Ana shimfiɗa ƙwayoyin a kan gilashi cikin wani abu mai kauri kamar kamu, a fasa su, a ratsa musu wutar lantarki, a rina, a duba a madubin likita. Lafiyayya tana nan dunƙule kamar farin wata. Wadda DNA ɗinta ya kakkarye kuwa sai gutsattsarin su zarce gefe guda, ta ja wutsiya. Sunan gwajin ma daga nan ya samo asali, tauraruwa mai wutsiya, wadda kakanninmu suka ce ganinta ba alheri ba. Ranar ban iya cin abincin rana ba, domin kawuna da ya riƙe ni kwali guda yake tashi da shi kullum.

Kuma jini ba ya mantuwa da wuri. Kotinin, wanda ake nema a fitsari don gane mai shan taba, kwana kaɗan ya ɓace. Amma a 2016 an wallafa binciken jinin mutum kusan 16,000, aka ga taba ta sauya alamomin da ke kunnawa da kashe ƙwayoyin gado sama da 7,000. Yawancinsu sun koma daidai cikin shekara 5 da dainawa, wasu kuwa suna nan har bayan shekara 30. Wannan ma takardarka ba ta duba ba.

Na san za a cika min akwatin sharhi. Wani zai ce kakana ya sha taba har ya kai 90. To Allah Ya jiƙansa, sa'anninsa da tari ya kwashe tun suna 50 ba su nan balle su yi sharhi. Hayaƙin itace da na janareta fa? E, su ma suna da irin wannan dafin, shi ne kuma za ka ƙara da wanda kake saye da kuɗinka? Ai ajali ne? Ajali gaskiya ne, amma ba ka tsallaka titi ido rufe.

Ban ce kana da kansa ba, Alhaji, Allah Ya tsare. Abin da ake gani a farin jini shaida ce cewa dafin ya shiga ya zaga ko'ina. A huhu abin ya fi muni: an lissafa cewa kwali ɗaya kullum na shekara guda yana barin sauye-sauye kusan 150 a DNA ɗin kowace ƙwayar huhu. Don Allah ka sauke hoton nan, yara na kallonka. Ka daina, jiki yana gyara da yawa idan aka ba shi dama.

Af, wai ina dokar Najeriya ta 2015 da ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai 18 ba? Ɗazu da safe a bakin layinmu yarinyar da ba ta wuce shekara 7 ba ta miƙa wa mai tebur kuɗi ta ce Baba ya ce a ba shi kara biyu. Ya zaro ya ba ta, ya haɗa mata da canjin alawa.