Wai tsaftar muhalli ce ko wasa da hankali?

Don Allah mutanen Kano wani ya fahimtar da ni amfanin tsaftar muhallin nan ta ƙarshen wata. Asabar ɗin ƙarshe a kulle mutane daga ƙarfe 7 zuwa 10, ba kasuwa ba adaidaita, wanda ya fito neman na koko kotun tafi-da-gidanka ta ci shi tara, to mun ji mun bi, matasan layinmu su fito da shebur da manjagara su yashe kwata, su tsamo baƙin taɓo da ledar fiya wata da famfas ɗin yara su jibge a bakin titi, shi kenan fa sai a zuba ido, motar kwasa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Awaki su tona, kaji su baza, ruwa ɗaya in ya sauka komai ya koma inda aka ciro shi, kwalbati ta toshe, ruwan kwata ya shigo har tsakar gida muna kwarfa da bokiti cikin dare.

Abin nan fa tun zamanin Buhari da Idiagbon ake yinsa, har yau tsarin bai wuce a ce talaka ya share ba. Ina zai zuba? Unguwarmu ko garwar shara ɗaya babu, filin da ake zubawa a da an yanka an gina shaguna. Dole ka ba yaro kuɗi ya ɗauka, shi kuma yana shan kwana zai juye a kududdufi ko bayan katangar firamare, ni ban ma ga laifinsa ba. In bola ta ci rabin hanya wani ya cinna mata wuta da magariba, hayaƙin roba ya turnuƙe ɗakuna, tsohuwarmu mai asma ta kwana zaune tana haki. Sauro kam ba a magana.

Takarda dai ba ma rasawa wallahi. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar kula da shara, a 2021 Kano ta miƙa wa kamfani aikin kwasa, ba a je ko'ina ba aka soke. Legas ta hana farar robar zuba abinci a 2024, mu nan mai shago ko ashana ka saya sai ya ƙulla maka a leda. 'Yan jari bola da ake wa kallon banza su kaɗai nake gani kullum suna rage wani abu.

Haba! In za ku kulle mu awa uku, ku turo tifa ranar mana, ko ku bar mu mu tafi kasuwa.